Manjo Taylor, Baƙar Fatan da Ya Tsere wa Duniya a Kan Keke

Jama'a, keken nan da muke ɗora wa kaya zuwa kasuwa, akwai wanda ya ci sarautar duniya a kansa. Sunansa Marshall Taylor, baƙar fata, an haife shi a Indiyanafolis ta ƙasar Amurka cikin 1878. Tun yana yaro yake wasa da keke a ƙofar wani kanti, saye da kayan soja, shi ya sa aka laƙaba masa Manjo.

Cikin 1896 ya mai da tsere sana'a. Irin tseren nan a fili mai kewaye ake yinsa, ana zagawa. Turawa abokan tserensa suka sa shi gaba, su tare masa hanya, su zungure shi da gwiwar hannu, har wani ya shaƙe shi ya suma. Duk da haka cikin 1899 a Mantiriyal ta Kanada ya zama zakaran duniya a tseren mil guda. Shekara da shekaru aka yi ta masa tayin kuɗi ya yi tsere ran Lahadi, ya ƙi, don ranar ibadarsa ce. Ya je Faransa da Ostareliya, ya tara dukiya, ya bari cikin 1910.

To, duniya rawar 'yan mata. Ya zuba kuɗinsa a cinikin da ya karye, har ya koma tallar littafin tarihinsa gida gida. Ya rasu a Cikago cikin 1932, baƙo, ba wanda ya zo neman gawarsa. Sai 1948 tsofaffin 'yan tsere suka haɗu suka sāke masa kabari, suka rubuta sunansa. Mu da ke zaman baƙunci mun san nauyin wannan aiki.