Katun ɗin Japan da yaranki ke kallo: wanne za ki bari, wanne za ki hana?

Idan kina da yaro ɗan shekara tara zuwa sha biyar a gida, da wuya ki ce ba ki taɓa jin sunan Naruto ba. Wataƙila kin gan shi yana gudu a tsakar gida ya sunkuyar da kai ya miƙe hannayensa ta baya, ko kin tarar da bayan littafin lissafinsa cike da zanen mutane masu dara-daran idanu da gashi a tsattsaye. Duk wannan aikin anime ne, wato katun ɗin da ake yi a ƙasar Japan, wanda yanzu ya shigo gidajenmu ta tauraron ɗan'adam, ta intanet, da kuma ta hannun masu tura fina-finai a waya.

Iyaye mata sun kasu biyu a kan lamarin. Wata za ta leƙa ta ga zane ne, sai ta ce ai katun ne, ta koma kicin hankalinta kwance. Wata kuma da ta ga takobi da jini sau ɗaya sai ta haramta duka, yaron ya koma kallo a ɓoye a wayar abokinsa. Dukansu biyun sun yi asara, domin a cikin anime akwai abin da ya dace da ɗan shekara huɗu, akwai kuma wanda ke da kanki za ki kau da kai idan kika gani. Aikinki shi ne ki iya rarrabewa, kuma abin bai kai wahalar da kike zato ba.

Me ya sa ya bambanta da katun ɗin da muka sani?

Mu mun taso da Tom and Jerry, shi ya sa muka ɗauka duk abin da aka zana na yara ne. A Japan ba haka suke kallon zane ba. Tun daga 1963 da aka fara nuna Astro Boy na Osamu Tezuka a talabijin, sana'ar ta bunƙasa har ta zama kamar yadda fim yake a wurinmu: akwai na barkwanci, na soyayya, na yaƙi, na ban tsoro, har da na batsa.

Yawancin shirye-shiryen daga littattafan zane ake ɗauko su, waɗanda suke kira manga, kuma tun daga can an riga an raba wa kowa nasa. Kodomo na ƙananan yara ne. Shonen na samari ne masu tasowa, shojo na 'yan mata. Seinen na manyan maza ne, josei na manyan mata. Ban da haka, da yawa daga cikin shirye-shiryen da suka yi suna a duniya cikin dare ake nuna su a Japan, wasu ma bayan ƙarfe sha biyu, lokacin da yaran can sun daɗe da barci. Idan shirin ya iso wayar ɗanki, duk wannan shingen ya faɗi. Ke kaɗai kika rage.

Na ƙananan yara, daga shekara huɗu zuwa takwas

Chi's Sweet Home labarin 'yar kyanwa ce da ta ɓace wa uwarta, wani iyali suka tsince ta. Kowane kashi minti uku ne kacal, babu faɗa, babu abin tsoro. Ya dace da lokacin da kike son yaro ya zauna ki ƙarasa tuƙa tuwo.

Anpanman, wanda ake nunawa tun 1988, jarumi ne da kansa burodi ne. Idan ya haɗu da mai jin yunwa sai ya gutsiro kansa ya ba shi. Darasin kyauta ne a fili, ba sai an yi wa yaro dogon bayani ba.

Heidi na 1974 tsohon shiri ne mai kashi 52, amma har yau bai tsufa ba. Marainiya ce aka kai ta wurin kakanta a kan tsaunukan Siwizalan, tana kiwon awaki, daga baya aka ɗauke ta zuwa birni ta zauna da wata yarinya mai suna Clara da ba ta iya tafiya. Akwai kewar gida, akwai tausayi, akwai girmama tsofaffi. Idan kina neman abin da za ku kalla tare da 'yarki, ki fara da wannan.

Doraemon kuwa mage ce ta inji da aka aiko daga ƙarni na 22 don ta taimaki Nobita, yaro malalaci da kullum yake cin sifili a jarrabawa. Doraemon na zaro na'urori daga aljihunsa, Nobita ya nemi hanyar sauƙi da su, a ƙarshe abin ya juye masa. Saƙon yana da kyau, sai dai ki lura da abu biyu. Na farko, a tsofaffin kashi-kashi ana yawan maimaita barkwancin faɗa wa yarinyar nan Shizuka tana wanka. Na biyu shi ne harshe. A 2013 gwamnatin Bangaladash ta hana nuna Doraemon da aka fassara da Indiyanci, saboda damuwar cewa yara na koyon harshen maƙwabta suna barin nasu. Ki san da wane harshe yaronki yake kallo.

Daga shekara tara zuwa sha biyu

A nan shirye-shiryen wasanni sun fi komai. Captain Tsubasa, wanda aka fara a 1983, labarin yaro ne da ya ɗauki ƙwallo aboki, yana burin ɗaukar wa ƙasarsa kofin duniya. 'Yan uwanmu na Nijar sun san shi da Olive et Tom a Faransanci, na Sudan da Chadi kuma da Kyaftin Majid a Larabci. Fernando Torres na Sifaniya ya faɗa da bakinsa cewa shirin na cikin abin da ya sa shi son ƙwallo yana yaro.

Haikyu!! na 2014 ya ma fi shi tsari. Hinata gajere ne, amma ya nace sai ya buga ƙwallon raga, wasan da aka san na dogaye ne. Abin da ya fi burgewa shi ne yadda shirin ke nuna faɗuwa: ana cin ƙungiyarsu, su yi kuka, su ci abinci tare, washegari su koma atisaye. Yaron da ke fushi ya jefar da littafi idan bai zo na ɗaya ba yana buƙatar ganin wannan.

Idan ɗanki ya kusa shiga ƙaramar sakandare, ki gwada Cells at Work! na 2018. An mayar da jikin mutum gari guda, jajayen ƙwayoyin jini su ne masu kai saƙon iska, fararen kuma sojojin da ke yaƙar cuta. Yaro zai fahimci dalilin da ya sa ciwo ke yin ɓawo da abin da ke faruwa idan mura ta kama mutum. Akwai fantsamar jini a wurin yaƙi da cututtuka, don haka ki duba ko naki mai saurin tsorata ne.

Pokémon ba shi da wata matsala a labarinsa, illa dai yana jan yaro ga son a saya masa kati da kayan wasa. Amma akwai abin da ya kamata ki sani. A watan Disamba na 1997, wani kashi mai walƙiyar ja da shuɗi ya sa aka kwashi yara 685 zuwa asibiti a Japan. Tun daga nan gidajen talabijin na can suka sa dokoki a kan irin wannan walƙiya. Idan kina da yaro mai farfaɗiya, kada ki bar shi ya yi kallon shirin faɗa a ɗaki mai duhu da waya kusa da fuska.

Waɗanda matasa suka fi so

Naruto shi ne sarkinsu. Maraya ne da mutanen garinsu suka tsana saboda an kulle wata dabba mai wutsiya tara a cikinsa, shi kuma ya yi alkawarin sai ya zama shugaban garin. Yana koyar da juriya da riƙon abota da biyayya ga malami. Amma akwai kisa, akwai wani malami da aka mayar da leƙen mata abin dariya, akwai kuma siddabarun da Naruto ke rikiɗa ya zama mace ba sutura. Shekara sha uku zuwa sama ya fi dacewa, kuma da sa idonki.

Babbar matsalarsa ma tsawo ce. Kashi 220 ne a zangon farko, 500 a na biyu, jimilla 720. Idan kika lissafa minti 23 kowanne, awa 276 ke nan, fiye da kwana goma sha ɗaya ba barci. One Piece kuwa tun 1999 ake yi, ya wuce kashi dubu. Kowane kashi a kan gaɓa yake ƙarewa don a buɗe na gaba, shi ya sa "saura ɗaya Mama" ba ya ƙarewa.

Demon Slayer na 2019 ya fi saurin yaudarar iyaye, domin zanensa na da kyau kuma jaruminsa yaron kirki ne. Tanjiro mai sayar da gawayi ne, ya dawo gida ya tarar an hallaka iyalinsa, ƙanwarsa Nezuko kaɗai ta rage, ita ma ta rikiɗe ta zama dodo. Yana goye da ita a akwati yana neman magani. Son da yake wa ƙanwarsa abin koyi ne, sai dai ana fille kawuna a fili. Ba na ɗan firamare ba ne ko kusa.

Waɗanda za ki hana kai tsaye

Attack on Titan, inda ƙattai ke cin mutane da ransu, na manya ne. Haka Death Note na 2006, labarin ɗalibi mai ƙwazo da ya tsinci littafin da duk wanda aka rubuta sunansa a ciki zai mutu, ya shiga yanke wa mutane hukunci da kansa. Yaron da bai gama hankali ba zai iya ɗaukar wannan ɗalibi gwarzo.

Kada kyan zane ya ruɗe ki. Made in Abyss da The Promised Neverland duk yara ne 'yan dagwas a bangonsu, amma cikinsu azabtar da yara ne da kisa. Crayon Shin-chan ma yaro ne ɗan shekara biyar, amma asalinsa daga mujallar manya aka ɗauko shi, yana tuɓe wando a gaban mutane yana yi wa uwarsa rashin kunya.

Ki haddace kalmomi uku. Hentai batsa ce tsagwaronta. Ecchi na nufin shiri mai nuna tsiraici da barkwancin banza. Harem kuma saurayi ɗaya ne 'yan mata suka kewaye shi. Idan kika ga ɗaya daga cikinsu a sunan fayil, ko a abin da aka bincika a wayar, lokacin zama da yaron ya yi.

Batun aƙida

Labaran Japan cike suke da al'adun addinan Shinto da Buda: alloli barkatai, ruhohi, mutum ya mutu a sake haihuwarsa a wata duniya. A Dragon Ball ana tara ƙwallaye bakwai a kira wani dodo ya tayar da matattu. Yaro ƙarami na iya cakuɗa wannan da abin da ake koya masa a gida. Ba sai kin tayar da hankalinki ba. Ki tambaye shi me ya fahimta, ki nuna masa cewa wannan tatsuniyar wasu mutane ce, kamar yadda Gizo da Ƙoƙi suke tamu. Masu fahimtar Larabci suna da ɗan sauƙi, domin tashar Spacetoon ta saba tace irin waɗannan wurare da na tsiraici kafin ta nuna.

Abin da za ki yi daga yau

Ki tambayi yaronki sunayen shirye-shirye uku da ya fi so, cikin raha ba da tsawa ba. Ki rubuta kowanne a Google ki duba shekarun da aka sa masa. A Netflix za ki ga 7+, 13+, 16+ ko 18+, wasu wuraren kuma TV-14 ko TV-MA, wannan na ƙarshen na manya ne zalla. Ki buɗe wa yara nasu shafin, ki sa wa naki lambar sirri.

Inda aka fi samun matsala shi ne abin da aka turo a memori ko aka ɗauko daga Telegram da shafukan kallon kyauta. Babu alamar shekaru, kuma tallace-tallacen da ke faɗowa a irin shafukan nan sukan fi shirin kansa muni. Idan za a je wurin mai tura fim, ki rubuta masa sunan abin da kike so a takarda, kada a ce masa kawai "a sa katun".

Ki zauna ku kalli kashi biyu ko uku na farko tare, amma ki sani wasu shirye-shiryen sai an yi nisa suke canza fuska, don haka ki riƙa leƙawa lokaci-lokaci. Ki yi ƙa'idar da adadin kashi maimakon awa: biyu bayan an gama aikin makaranta, a falo inda kowa ke wucewa, waya kuma ta kwana a ɗakinki.

In kuma kin hana wani shiri, ki faɗi dalili, sannan ki ba da madadinsa. Yaron da aka ƙwace wa Attack on Titan aka miƙa masa Haikyu!! zai yi gunaguni na kwana biyu ya manta. Wanda aka ƙwace wa aka bar shi hannu rabbana kuwa, gobe yana gidan maƙwabta yana ƙarasa kallonsa.