Dashen aguwa don shinge: a yi shi tun ruwa bai sauka ba

Ɗan'uwa makiyayi, ɗan'uwa manomi mai bisashe, lokacin dashen aguwa shi ne ƙarshen bazara, watan Afrilu da Mayu, sa'ad da ƙasa ta bushe ƙayau. Mutane da yawa suna jira sai damana ta kama, kamar yadda ake yi wa sauran itatuwa. Ita aguwa ba haka take ba. Jikinta cike yake da ruwa, da shi reshen yake rayuwa har ya yi saiwa. In ka dasa danyen reshe cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ruɓewa zai yi daga gindi.

Zaɓi uwa babba mai lahiya, ka sari rassan da suka ƙosa, masu kaurin ƙotar lauje, tsawonsu kamu ɗaya da rabi zuwa biyu, wato santimetir 70 zuwa metir 1. Adda mai kaihi za ka sa, sara ɗaya. Reshen da ya tsage ba ya kamawa da kyau. Kada ka dasa a ranar. Jingine su a inuwa kwana 3 zuwa mako guda, har nonon ya tsaya, bakin saran ya bushe ya yi ɓawo. Wannan ɓawon shi ke tsare reshen daga ruɓa. Masu gaggawa nan suke asarar rabin aikinsu.

Sai ka haƙa dogon rami mai zurhin santimetir 20 zuwa 30, ka jera rassan, gindi ƙasa kai sama, tsakaninsu kamar ɗani guda. Inda awaki suka yi yawa, yi layi biyu, kowane reshe na layin baya ya toshe kafar na gaba. Maida ƙasa ka tattake sosai don iska kada ta girgiza su. Ban da ban ruwa, ban da taki a ramin: taki yana kiran gara. Jigawa da tudun rairayi take so. Laka da fadamar da ruwa ke kwanciya ba wurinta ba ne.

In ruwa ya sauka za ka ga ɗan ganye ya hito a kan rassan. To, ta kama ke nan. Shekarar farko shingen ba shi da ƙarhi, saniya in ta goga jiki sai ya faɗi, don haka a kare shi da ƙayar magarya. Da rani za ta zubar da ganye duka, kada ka ce ta mutu. Bazara mai zuwa ka sassare kanta, abin da ka sara ka cike giɓi da shi. A riƙa share gindinta kuma, don macizai da ɓeraye suna son duhunta.

Maganar nono fa, a kula. In ya shiga ido, mutum ko dabba, a wanke nan take da ruwa mai tsabta da yawa, a daɗe ana zubawa, kada a murza. In zahi bai lafa ba, mutum ya tahi likita, dabba a kira malamin dabbobi. Kada a sa yara aikin sara. Bisashe ba su cika cin aguwa ba, shi ya sa take shinge. Amma kada ka haɗa ta da tunya ko ƙerana masu ƙaya: nononsu ya hi dahi nesa ba kusa ba, ni ba na ba da shawarar a dasa su kusa da garke ko rijiya.

Saura batun iyaka. Aguwa takan daɗe shekara da shekaru, duk inda aka dasa ta ana ɗaukar wurin iyaka ne. Wanda ya tura shingensa cikin burtali ya rage wa shanu hanya, kuma daga nan ɓarna da faɗa suke farawa. Mutanen jihar Maraɗi ba su manta da abin da ya faru a Toda a 1991 ba. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin kula da ƙasa, waɗanda ake kira kofo. Kahin ka haƙa rami a bakin burtali ko makiyaya, kira maigari da ardo da maƙwabcin gonarka, su tsaya a ja layin a gabansu.