Garaje ba ƙarfi ba ne: Jan kunne ga masu ƙara wa tsohuwar motar dizal ƙaimi

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Zariya, ko hawan da ke kai mutum Jos, ba zai rasa cin karo da motar da za ta wuce shi da ruri ta lulluɓe shi da baƙin hayaƙi ba, har sai ya rage gudu don ya daina ganin gabansa. Galibin irin waɗannan motoci tsofaffi ne masu amfani da man dizal, wanda mu a nan muka fi sani da gas, kuma da yawansu ba tsufa ne ya sa su hayaƙin ba. Da gangan aka mayar da su haka. Mai mota ya je gareji ya ce motarsa ba ta ja, bakanike ya ɗauko sifana ya ɓalle hatimin da kamfani ya sa a jikin famfon mai, ya murɗa wani ɗan noti, cikin minti goma an gama. Mota ta fito tana zabura, mai ita ya yi murna ya biya. Abin da ba a gaya masa ba shi ne, daga wannan rana ya fara cin bashin da injin zai zo ya karɓa.

Maganar ta cancanci a tsaya a kanta, domin irin waɗannan motoci ba raguwa suke yi a wajenmu ba. Biranen Turai sun juya wa tsohon dizal baya: Hambag ta Jamus ta hana shi bin wasu titunanta a 2018, Landan kuma ta ɗora masa haraji mai nauyi a tsakiyar gari daga 2019. Wani rahoto da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kashi 40 cikin ɗari kuma Afirka suka nufo. Ga shi tun da aka janye tallafin fetur a Nijeriya a watan Mayun 2023, mutane suka fara lissafin nisan da lita ɗaya za ta kai su, a wannan fage kuwa injin dizal ya yi wa na fetur fintinkau. Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram sun daɗe da sanin haka.

Kafin a yi hukunci, ya kamata mai karatu ya san yadda abin yake aiki. Injin dizal ba shi da fulogin da ke ba da tartsatsi. Fistan ne yake matse iska a cikin silinda har zafinta ya haura digiri 500, sai a feso mai a kanta ya kama da kansa. Ashe ke nan ƙarfin inji ya dogara ga yawan man da ya ƙone, yawan man da zai ƙone kuma ya dogara ga yawan iskar da ke ciki. A lissafin masana, kilo ɗaya na dizal yana buƙatar iska kimanin kilo 14 da rabi kafin ya ƙone ƙurmus, a aikace ma sai an ba shi fiye da haka, domin mai da iska ba sa samun lokacin cakuɗuwa sosai. Aikin turbo, wanda wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Alfred Büchi ya yi wa rajista a 1905, shi ne ya yi amfani da hayaƙin da ke fita ya juya wata farfela da ke yin zagaye sama da 100,000 a minti ɗaya, ita kuma ta cusa ƙarin iska cikin inji.

To, notin da bakanike ya murɗa mai kawai yake ƙarawa, ko ƙwayar iska ɗaya bai ƙara ba. Ɗan abin da iskar da ke ciki za ta iya ƙonawa shi ne zaburar da direba yake ji. Ragowar kuma ya fita ta salansa a matsayin gawayi. Wato baƙin hayaƙin nan da wasu matasan direbobi ke alfahari da shi kuɗin mai motar ne yake tashi sama. Asarar kuɗi ma ita ce ƙarama. Man da ya yi yawa yana ci gaba da ci har bayan lokacinsa, zafin hayaƙi ya hau. Masu wannan sana'a a ƙasashen da aka ɗauke ta da muhimmanci suna ɗaukar digiri 700 a bakin turbo a matsayin iyakar da ba a son a daɗe a samanta. Fistan kuwa da sanholo aka yi shi, ƙarfen da ke narkewa a digiri 660, abin da ke tsare shi kawai shi ne baƙin mai da ruwa da ke ɗebe masa zafi. Mota ɗauke da buhunan masara, a kan hawa mai tsawo, direba ya danne totur: nan ne fistan ke narkewa, gaskit ya ƙone, kan inji ya tsage. Allurar zafi da ke gaban direba ruwan lagireto take aunawa, sau da yawa kafin ta motsa aikin gama ya gama.

Masu goyon bayan wannan al'ada suna da hujja, kuma adalci ne a saurare ta. Sun ce kamfani yana barin rara a cikin kowane inji, don haka ba laifi a ɗebo ta. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Injin Volkswagen mai lita 1.9 da ake kira TDI ya fito a farkon shekarun 1990 da ƙarfin doki 90, a tsakiyar shekarun ya koma 110, zuwa shekarar 2000 ya kai 150 a cikin Golf 4, alhali girman silindarsa bai canza ba. Amma a duba abin da kamfanin ya yi kafin ya kai can. Ya sauya turbo, ya sauya hanyar feshin mai gaba ɗaya, ya girka babbar na'urar sanyaya iska a gaban mota, ya ƙarfafa kayan cikin inji, ya kawo giyabos mai giya shida. Haka Mercedes ta yi a 1978 lokacin da ta sa wa injinta mai silinda biyar turbo a motar 300SD, wadda ita ce ƙaramar motar dizal mai turbo ta farko da aka fitar kasuwa. Ƙarfin ya tashi daga kimanin doki 80 zuwa sama da 110, amma sai da aka ƙarfafa karanshaf, aka kuma sa wasu 'yan bututu da ke fesa baƙin mai a ƙarƙashin fistan don sanyaya shi. Kowane doki da aka ƙara, an saya masa linzaminsa.

Wani abin lura kuma, rarar da kamfani ya bari saboda irin ƙasashenmu ya bar ta. An bar ta ne don zafi da ƙura da gurɓataccen mai da jinkirin juye, kuma mu duk mun haɗa su. Iskar Sakkwato a watan Afrilu, lokacin da zafi ke kai digiri 40, ta fi ta ranar da ake digiri 20 rashin nauyi da kimanin kashi 6 cikin ɗari, ga shi turbo idan ya matse ta zafinta yana wuce digiri 100. A Jos, mai tudun kusan mita 1,200, iskar ta ƙara sirancewa. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska cikin 'yan makonni. Man da ake saye a jarka wajen 'yan bumburutu, wanda wani lokaci an sirka shi da kananzir, yana cinye cikin famfon da man dizal ɗin ne kansa yake zame masa man shafawa. Saitin da mota za ta jure a sanyin Jamus yana iya kashe ta a hanyar Gusau. Balle kuma injin da ya riga ya ci kilomita 300,000 kafin ya sauka a Kwatano.

Shin ke nan haramun ne a nemi ƙarin ƙarfi? Ko kaɗan. Sai dai abin yana da tsari, kuma wanda ya tsallake matakin farko ya ɓata sauran. Matakin farkon shi ne a dawo da ƙarfin da ya ɓace. Yawancin motocin da ake cewa ba sa ja, dawakin da kamfani ya ba su ne suka zube a hanya. A auna matsin kowace silinda. A cire nozul a gwada feshinsu, domin wanda ya gaji ɗigo yake yi maimakon feshi. A daidaita lokacin feshin mai. A sauya matatar iska da ta mai, a bi bututun da ke kai iska daga turbo zuwa inji a nemo inda ya tsage, a wanke lagireto. Mutum zai yi mamakin yadda mota ke farfaɗowa da wannan kaɗai, ba tare da an taɓa hatimin famfo ba.

Idan bayan haka ana son ƙari, to iska ake fara nema. Na'urar sanyaya iska mai kyau, wadda aka girka inda iskar hanya ke dukanta, da salansar da ba ta shaƙe ba, su ne ke buɗe ƙofa. Daga nan a sa agogo biyu a gaban direba, ɗaya na auna zafin hayaƙi, ɗaya na auna matsin turbo. Sai a ƙarshe a zo kan mai, a ƙara shi kaɗan-kaɗan, ana gwadawa a kan hawa da kaya, ana duban agogo da madubi. Da zarar hayaƙi ya fara duhu, an wuce gona da iri, sai a koma baya. Motocin da kwamfuta ke sarrafa famfonsu, kamar TDI ɗin da aka ambata, gwani yana iya sake musu lissafi a sami ƙarin kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari idan injin lafiyayye ne. Amma a guji 'yan akwatunan nan masu araha da ake maƙalawa a waya, waɗanda aikinsu kawai su ruɗi kwamfuta ta zuba mai. Murɗa noti ne aka sa wa rigar zamani, araha kuwa ba ta ado.

Akwai kuma haɗarin da ba kowa ya sani ba. Tsohon turbo da aka matsa wa lamba yana iya sakin baƙin mai cikin bututun iska, injin dizal kuwa zai sha wannan mai ya ci gaba da gudu da shi, ko an zare makulli ba zai tsaya ba, har sai ya tarwatse ko an toshe masa iska. Haka nan kulocin da aka ƙera don doki 90 ba zai daɗe a hannun 120 ba. Mafi girma duka shi ne birki. Motar da ke gudun kilomita 140 a awa tana buƙatar birkinta ya haɗiye kusan ninki biyu na abin da zai haɗiye a gudun 100. Wanda ya kashe kuɗi a kan famfo ya bar tsofaffin tayoyi 'yan gwanjo da birkin da ya cinye, ran fasinjojinsa ya sa a caca.

Lamarin bai tsaya kan mai mota da aljihunsa ba. A 2012 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin dizal cikin rukunin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar dajin huhu. Masu shaƙarsa a kullum su ne mai tallan ruwa a mahaɗar titi, da ɗan makarantar da ke jiran Keke Napep, da jami'in da ke ba da hannu, da shi kansa yaron gareji da ke tsaye a bayan salansa ana gwaji. Babu ɗayansu da aka nemi shawararsa ranar da aka ɓalle hatimi.

Don haka akwai aiki a gaban jami'an duba lafiyar ababen hawa na jihohi da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa: na'urar auna duhun hayaƙi ba ta fi ƙarfin kowace jiha ba, kuma gwaji da ita ya fi karɓar takarda a miƙa takarda. Kwalejojin kimiyya da fasaha na Arewa su ma su buɗe gajerun kwasa-kwasai da Hausa ga makanikan Ƙofar Ruwa da Panteka da takwarorinsu, mutanen da Allah Ya hore wa basira da hannu, abin da suka rasa kawai kayan awo ne da bayanin dalili. Su kuma masu ilimin cikinmu da ke kai motocinsu gareji, nauyin da ke kansu shi ne su daina neman bakaniken da zai gama cikin minti goma. Idan ya ɗauko sifana ya nufi famfo, a tambaye shi: ina iskar da za ta ƙone wannan mai, kuma da me za mu auna zafinsa? Wanda ya iya amsawa, a ba shi aiki a biya shi haƙƙinsa da kyau. Wanda ya kasa, a karɓi makulli a yi gaba.

Allah Ya kiyaye mana hanya, Ya sa mu sauka lafiya.