2.4 Tushen Zaluncin Jami'an Tsaro a Ƙasar Hausa

A sashen da ya gabata an yi bayanin yadda 'yan sintirin farautar bayi a kudancin Amurka suka zama ɗaya daga cikin tushen aikin ɗan sanda a can, da kuma yadda kisan George Floyd a birnin Minneapolis a ranar 25 ga Mayu, 2020 ya sake tono wannan tarihi. A wannan sashe kuwa, za a duba yadda lamarin ya kasance a ƙasar Hausa, musamman yankin da ya kewaye Daura.

Idan aka waiwayi tarihi, za a ga cewa Turawa ba su kafa rundunonin tsaro don kare talaka ba, sai don murƙushe shi. A shekarar 1863 John Glover ya kafa wata runduna a Legas, wadda akasarin mutanenta Hausawa ne da suka tsere daga bauta. Wannan runduna tana daga cikin tushen soja da 'yan sandan Nijeriya. Dabarar ita ce a sa baƙo ya tsare garin da ba nasa ba, domin kada tausayi ya hana shi duka.

Ta fuskar arewa kuwa, a shekarar 1899 ayarin sojan Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ya ratsa ƙasar Hausa. Sun gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu, suka ƙone Birnin Ƙonni, suka hallaka dubban mutane, har da mata da yara. Wannan ɓarna ba ta tsaya ba sai a yankin Tasawa, arewa da Daura, inda Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb, wanda aka aiko ya tsayar da shi, a ranar 14 ga Yuli. Bayan 'yan kwanaki sojojinsu suka kashe su duka biyu. Abin lura a nan shi ne, kisan Bature ɗaya ya fi girgiza hukumomin Faransa a kan rayukan dubban baƙar fata.

Haka nan a ɓangaren Ingila. Bayan mutanen Satiru, kusa da Sakkwato, sun kashe Turawa 3 a watan Fabrairu 1906, sai sojojin Lugard suka rushe garin a ranar 10 ga Maris, aka kashe kimanin mutum 2,000. A wannan shekara ce kuma aka tuɓe Sarkin Katsina Yero aka naɗa Muhammadu Dikko. Bugu da ƙari, a ranar 18 ga Nuwamba, 1949 'yan sanda suka harbe ma'aikatan haƙar kwal 21 a Iva Valley, kusa da Enugu, saboda yajin aiki.

Daga abin da ya gabata, za a iya fahimtar cewa ma'auni ɗaya aka yi amfani da shi a Amurka da ƙasar Hausa, wato ran Bature da tsada, na baƙar fata kuwa da araha. Bambancin shi ne, a nan sau da yawa hannun da ya riƙe bindiga baƙi ne, umarni kawai ke fitowa daga Bature. Wannan ne ya sa tafiyar Turawa a 1960 ba ta kawar da ɗabi'ar ba, domin Hausawa na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Zanga-zangar neman rusa rundunar SARS a watan Oktoba 2020 shaida ce a kan haka. Sashe na gaba zai duba matsayin dogarai da 'yan doka a masarautar Daura.