Disamba a Accra: Kasuwar Hayar Gida ta 'Yan Kwanaki

Daga tsakiyar Disamba zuwa makon farko na Janairu, samun masauki mai kyau a Accra sai wanda ya yi sammako. Jirage daga New York, Washington, Landan da Amsterdam suna ta sauke 'yan Ghana mazauna ƙetare, da baƙaƙen fatar Amurka masu neman asalinsu, da matasan Najeriya da suka zo kallon mawaƙa. Otal-otal sukan cika, ragowar jama'a kuwa su bazu cikin gidajen da ake bayarwa haya na kwana uku, ko mako ɗaya, ko biyu, da gado da firji da tukwane a ciki.

Kasuwar ta daɗe tana rarrafe, amma a 2019 ta miƙe. A shekarar ne gwamnatin Nana Akufo-Addo ta yi gangamin da ta kira Shekarar Komawa Gida, don tunawa da cika shekara 400 da kai bayi 'yan Afirka Virginia a 1619. Baƙi sama da miliyan ɗaya suka shiga ƙasar a shekarar. Suka ziyarci kurkukun bayi na Cape Coast da Elmina, suka dawo Accra suka kwana rawa a bukukuwa irin su Afrochella, wanda yanzu ake kira AfroFuture. Duk mai ɗakin da ba kowa a Osu, Labone, Cantonments ko East Legon ya ga abin da maƙwabcinsa ya samu cikin mako biyu, shi ma ya sayi labule da zanen gado, ya ɗauki hoto ya ɗora a Airbnb.

Saukar baƙo don kuɗi ba sabon abu ba ne a ƙasar. A zangunan Salaga da Kumasi, maigida yakan sauki fataken goro da na shanu, ya ba su ɗaki da abinci, ya haɗa su da masu saye, ya tsaya musu idan an ci bashi, sannan ya karɓi la'adarsa. Bambancin shi ne maigidan zango ya san baƙonsa, wataƙila ma ya san ubansa. Mai gidan haya na yau kuwa bai taɓa ganin wanda zai kwana a gadonsa ba. Manhaja ce ke tsakaninsu, tana yankar abin da ya kai wajen kashi 15 cikin ɗari na cinikin, kuma taurarin da baƙon jiya ya bayar su ne shaidar da baƙon gobe zai duba.

Masu wannan sana'a iri-iri ne. Akwai ɗan Ghana da ke aiki a Ingila ko Kanada, ya gina gida a Accra, yana kwana a ciki wata ɗaya a shekara, sauran watannin ya bar wa ƙaninsa ko wani kamfanin kula da gidaje ya riƙa saka baƙi. Akwai masu kuɗin da ke sayen ɗakuna a sababbin benaye tun ana kan gini, da niyyar haya kawai. Sai kuma matasan da ba su da ko bulo ɗaya: su kama hayar gida na shekara, su zuba kaya, su riƙa sayar da shi dare-dare. Waɗannan na ƙarshe su ne suka fi kasada, domin dokar haya ta 1963 ta ce kada mai gida ya karɓi kuɗin gaba fiye da na wata shida, amma a zahiri na shekara ɗaya ko biyu ake nema a dunƙule. Kafin baƙo na farko ya ajiye jakarsa, jarin mutum ya riga ya nutse.

Hoton falo ne ke jawo baƙo, amma ruwa da wuta ne ke hana shi zagi. Mutanen Accra sun sha dumsor, wato ɗauke wutar da ta gallabi ƙasar musamman a 2014 da 2015, kuma har yau ba wanda ke sakin jiki. Gidan da ke son baƙon dala dole ya tanadi janareto ko batir da sola, da tankin ruwa a sama, da lambar mai tankar da za a kira in famfo ya ƙafe. Mitar wuta ta kati ce, baƙon da ya fito daga sanyin Toronto kuwa yakan kunna na'urar sanyaya ɗaki ya fita yawo tun safe har dare. Ga intanet, ga maigadi, ga mai shara da wanki tsakanin fitar wani da shigar wani, ga ƙurar hunturu da ke sauka kan tebur sa'a kaɗan bayan an goge. Ranar da ruwa ya yanke wa baƙo yana tsakiyar wanka, maganar za ta zauna a shafin gidan shekara da shekaru, kowa yana karantawa.

Sannan ga hukuma. Hukumar yawon buɗe ido ta Ghana tana buƙatar masu saukar baƙi su yi rajista su karɓi lasisi, akwai kuma harajin kashi 1 cikin ɗari da dokar 2011 ta ɗora kan masaukai, ban da harajin kuɗin shiga.

Babban abin da sababbin shiga ke mantawa shi ne Disamba wata ɗaya ne, kuɗin gida kuwa na wata goma sha biyu ne. Da an shiga Fabrairu garin ya yi sako-sako, a damunar Mayu da Yuni kuwa ɗaki yakan yi kwanaki ba wanda ya taɓa ƙofarsa. Yuli da Agusta sukan ɗan farfaɗo, saboda hutun Turai da Amurka, da bikin Homowo na ƙabilar Ga, da bikin zane-zanen titi na Chale Wote. Waɗanda suka iya sana'ar ba sa jiran masu rawa. Sukan karya farashi su ba ma'aikacin ƙungiyar agaji ko injiniyan kamfani na wata uku, ko iyalin da suka dawo daga waje jana'iza, wadda a kudancin Ghana taro ne na kwanaki da ake shirya wa makonni. Baƙon da ya ji daɗi, karo na biyu ta WhatsApp zai yi magana, ya biya ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, manhaja ba ta ga ko sisi ba. Shekarar 2020 ta nuna iyakar dabara: korona ta sa aka rufe iyakoki a Maris, filin jirgin sama bai buɗe ba sai 1 ga Satumba, gidajen da aka ƙawata da bashi bayan cinikin 2019 suka zauna wayam.

Canjin kuɗi ma yana wasa da masu gidajen haya. A farkon 2022 dala ɗaya tana wajen sidi 6 na Ghana, kafin ƙarshen shekara ta haura 14, hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin ɗari a Disamba. Mai karɓar dala ya yi dariya a lokacin, ko da yake Babban Bankin Ghana ya sha gargaɗin cewa saka farashi da kuɗin waje ba tare da izini ba laifi ne. A 2025 sai abin ya juya: sidi ya yi ƙarfi, dala ta faɗo daga sama da 15 zuwa kusan 10 cikin 'yan watanni, alhali albashin maigadi da kuɗin man janareto da sidi ake biya.

Akwai kuma waɗanda ba a tambayi ra'ayinsu ba. Ghana tana da giɓin gidaje da aka ƙiyasta ya kai miliyan 1.8, kuma duk ɗakin da aka mayar na baƙi ya fita daga hannun malamin makaranta ko ma'aikaciyar jinya. Masu gidaje sun ga farashin dala, ba sa son komawa baya, masu ƙaramin albashi kuwa sai ƙara matsawa suke yi zuwa Kasoa da Amasaman, suna kashe sa'o'i a cunkoson mota. Nima da Mamobi, inda ake jin Hausa a kowane lungu, tafiyar 'yan mintuna ce daga unguwar filin jirgi mai benayen haya. Abin da ke isa can daga wannan kasuwa shi ne kuɗin aiki: tuƙi, gadi, guga, da cinikin waakye, wato shinkafa da wake, da koko idan ɗan jagora ya ratso da baƙi cikin kasuwar Nima. Gidajen Nima da Mamobi, masu ɗakuna jere da banɗaki ɗaya na kowa, ba su cikin waɗanda manhajar ke nuna wa mai dala.