Shin Ko Kun San? Masu Hana Kwamfuta Barci

Shin ko kun san cewa kwamfutar da ke ƙin yin barci yawanci lafiyarta ƙalau, hana ta aka yi? Windows na da ƙa'ida: duk manhajar da ke tsakiyar aiki tana da ikon ta ce kada a kwanta tukuna. Kwamfutar kuma tana riƙe da sunan duk wanda ya faɗi hakan. Ke nan kafin a ɗauke ta a kai wa mai gyara a ce a yi mata fomatin, ita ya kamata a fara tambaya.

Maganar ta shafe mu ƙwarai a wannan yanki. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ta riga ta, laftof ta yawaita a hannun ɗalibai da malamai da masu shagon buga takardu, mafi yawa na hannu, 'yan Beljiyam. Wuta kuwa sai an tara ta. Ɗalibi ya cika batirinsa a sola ko a shagon caji, ya rufe murfi, ya jefa a jaka, ya hau mota zuwa Kurfi. Yana sauka sai ya ji jakar ta ɗauki zafi, ya buɗe ya tarar da batir ya yi ƙasa. Hukuncin da yake yankewa nan take shi ne batirin ya mutu. Sau da yawa batirin ba shi da laifi, injin ne bai runtsa ba tun daga tasha.

Shin ko kun san yadda ake yi mata tambayar? A wurin bincike na Windows ku rubuta cmd, ku zaɓi Run as administrator. Baƙin allo zai buɗe. Ku rubuta powercfg /requests ku danna Enter. Kanun layuka za su jeru da manyan baƙaƙe, DISPLAY da SYSTEM da EXECUTION da 'yan'uwansu. Inda aka rubuta None, babu kowa. Inda kuka ga suna, to kun kama mai laifi. Aikin bai kai minti ɗaya ba, ba ya cin data, ba ya goge ko da takarda guda.

Sunan da aka fi gani a wurin shi ne na burauza. Shafin YouTube da aka bari yana tafiya a can baya, ko karatun malami da aka rage wa murya aka manta ba a tsayar ba, ko tallar bidiyo a wani shafin labarai da ba wanda ke kallo: kowanne ya isa ya sa Chrome ta riƙe kwamfuta a farke. Bayan burauza sai direban sauti, wanda kan rubuta cewa ana amfani da sauti alhali ɗakin shiru yake. Sai manhajojin sauke fina-finai, waɗanda da gangan aka ƙera su su hana barci don kada aiki ya yanke. Masu jiran datar dare sun san amfanin haka, amma idan saukewar ta maƙale, manhajar za ta yi ta jira har garin Allah ya waye. PowerPoint ma haka take: muddin tana nuna silaid a cikakken allo, ba barci. Wanda ya gama gwajin difens ɗin furojet ɗinsa ya tashi ya tafi masallaci bai fita daga silaid ba, zai dawo ya same ta ido biyu.

Shin ko kun san barcin kwamfuta hawa-hawa ne, kuma kowane hawa da lambarsa? A watan Disamba na 1996 kamfanonin Intel da Microsoft da Toshiba suka fitar da tsarin da ake kira ACPI, wanda ya miƙa wa manhajar da ke tafiyar da kwamfuta ragamar sarrafa wuta. S0 shi ne aiki. S3 shi ne barcin da muka sani, komai ya tsaya sai ram kaɗai ake ɗan ba wuta. S4 shi ne dogon barci da ake gani da sunan Hibernate, inda ake kwashe abin da ke cikin ram a rubuta a faifan ajiya sannan a kashe wuta. S5 kashewa ce. Duhun allo kuwa ba ya cikin lissafin nan ko kaɗan. Allo na iya mutuwa injin na nan yana aikinsa. Ku kasa kunne wajen fanka, ku duba ɗan fitilar gefe: a yawancin laftof, idan tana ƙyaftawa a hankali barci ne, idan ta tsaya cak a kunne, a farke take.

Bambancin a batir ba ƙarami ba ne. Batirin laftof matsakaiciya, yana sabo, kan ɗauki abin da bai wuce wat 40 zuwa 60 na awa guda ba. Injin da ke farke yana jan kamar wat 10 zai shanye wannan cikin awa huɗu zuwa shida, ko da ba wanda ya taɓa shi. Wanda ya yi barcin S3 na gaske kan kwana ya yini, har ya sake kwana. Batirin Beljiyam da ya riga ya sha jiki a hannun mai shi na farko, sai ku rage lissafin.

Shin ko kun san ram mantuwa gare ta fiye da kima? Irin wadda Robert Dennard na kamfanin IBM ya ƙirƙiro, ya samu rajistar mallakarta a 1968, sai an yi ta sabunta mata abin da ta riƙe, a ƙa'ida cikin kowane kashi 64 cikin 1,000 na daƙiƙa. Shi ya sa barcin S3 yake buƙatar ɗan digon wuta. Shi ya sa kuma kwamfutar tebur marar batir, idan ta yi irin wannan barci aka ɗauke wuta, duk rubutun da ba a adana ba ya tafi. Mu da har yau muke cewa NEPA ta ɗauke, alhali KEDCO ke raba wuta a Kano da Katsina da Jigawa tun 2013, wannan ba labarin ƙetare ba ne. Daga Windows Vista aka shigo da gaurayen barci, Hybrid sleep, mai ajiye kwafi a faifai tun kafin a kwanta. Masu shagon taifin su tabbatar a kunne yake.

Ga wani abin mamaki: tsohuwar laftof kan fi sabuwa iya barci. Daga Windows 8 a 2012 Microsoft ta shigo da wani salo da daga baya aka sa wa suna Modern Standby, wanda ke so kwamfuta ta zama kamar waya, allo a kashe amma saƙo na shigowa. Barcin maigadi ne, kunne ɗaya a ƙofa. Idan direba ɗaya ya ƙi natsuwa, sai injin ya yi ta aiki a cikin jaka inda ba iska. Mutane da yawa a duniya sun koka da wannan, kuma a ganina kukansu na kan hanya: an tsara shi ne don inda soket ke jiran mutum a kowane bango. Ku rubuta powercfg /a ku ga irin taku. Idan S3 ya fito a cikin waɗanda take iyawa, tsohon barci gare ta. Idan S0 Low Power Idle kuka gani, sabon salon ne, kuma powercfg /sleepstudy zai ba ku rahoton abin da ya sha batir a kwanaki uku da suka wuce.

Zafin nan ba wahalar hannu kaɗai ba ne. Batirin litiyam ba ya shiri da zafi, ga shi a Afrilu da Mayu rana kan kai digiri 40 a ƙasar Katsina, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe hanyar iskar fanka. Duk laftof ɗin da kuka ga wurin shafa yatsa ya fara tasowa ko gindinta ya ƙi zama daidai a tebur, batir ne ya kumbura. A daina caji, a cire shi.

Shin ko kun san janareta na iya hana kwamfuta barci ba tare da ya taɓa wayarta ba? Linzamin zamani ƙaramar kyamara ce ke ƙarƙashinsa, tana ɗaukar hoton tebur sau ɗaruruwa har dubbai a daƙiƙa. Idan injin na ruri a bayan shago, teburin katako na ɗan kakkarwa, linzami sai ya aika cewa an motsa shi, kwamfuta ta koma ƙirga mintunanta daga farko. Powercfg /requests ba zai nuna wannan ba, don a wurinta mutum ne ke aiki. Gwajin mai sauƙi ne: ku zare linzamin ku jira. Haka maɓallin da ƙura ko ɗigon shayi ya maƙalar. Haka linzami marar waya da aka jefa jaka ɗaya da laftof ba a kashe shi ba, kowane rami a hanya tashi ne. Powercfg /devicequery wake_armed zai jera duk na'urorin da aka ba izinin tayar da ita, powercfg /lastwake kuma ya faɗi wanda ya tayar da ita na ƙarshe. A Device Manager ake ƙwace izinin.

Murfi fa, ta yaya take sanin an rufe shi? Maganaɗisu. Akwai ɗan ƙarami a gefen allo, da wani mai jin sa a jikin gindin, bisa abin da Edwin Hall ya gano a Amurka a 1879. Idan an canza allo ko kwanson murfi aka manta ba a mayar da maganaɗisun ba, ku rufe sau ɗari, ba za ta sani ba. Akasin haka ma na faruwa: ɗora waya ko ƙaramar sifika a daidai wurin na iya sa ta ɗauka an rufe, allo ya ɗauke ana tsakiyar aiki.

Shin ko kun san fomatin ɗin da ake gudu wurinsa shi kansa yana kawo cutar? Idan aka sa sabuwar Windows ba a sa direban hoto na ainihi ba, injin zai zauna kan na wucin gadi mai suna Microsoft Basic Display Adapter, sai kalmar Sleep ta ɓace daga jerin gaba ɗaya. Kafin ku biya mai gyara ku baro shago, ku duba tana nan.

Wadda ke farkawa da tsakar dare ita kaɗai, ba aljanu ba ne. Windows 10 ta ajiye ƙarfe 2 na dare don gyare-gyarenta, kuma ana iya ba ta izinin tayar da injin saboda haka. Powercfg /waketimers zai nuna duk ƙararrawar da aka ɗana. A ɗakunan jarrabawa, waɗanda suka yawaita tun da JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya a 2015, akwai wani mai tashin: saƙon da kamfanin AMD ya fito da shi a 1995 mai suna Magic Packet, bait 102 kacal, mafi yawansa lambar katin sadarwa ce aka maimaita sau 16. Da shi mutum ɗaya ke tayar da ɗaki guda daga kujerarsa. Idan ba a taƙaita wa katin ya amsa wannan saƙo kaɗai ba, wasu saƙonnin da ke yawo a wayar ma na iya tayar da injin.

Akwai kuma mugun baƙo. A Yunin 2021 kamfanin Avast ya bayyana wata cuta mai suna Crackonosh da ta shiga kwamfutoci sama da 222,000 ta hanyar wasannin sata, ciki har da GTA V da PES 2018, tana haƙo wa masu ita kuɗin Monero da wutar mutane. Alamar irinta ita ce fanka na ihu alhali ba a buɗe komai ba. Masu karɓar gem a filasha daga hannu zuwa hannu, a kula. A nan kam fomatin ya halatta.

Shin ko kun san akwai masu sayen abin da zai hana ta barcin da kuɗinsu? Wata 'yar na'ura ce mai jijjiga linzami, don shugaba ya ɗauka ana kan aiki. A 2024 bankin Wells Fargo na Amurka ya sallami ma'aikata fiye da goma sha biyu kan zargin kwaikwayon danna maɓallai. Kwamfutocin Apple kuwa da umarnin hana barci suka zo a ciki, sunansa caffeinate. Mai Apple da tasa ta ƙi kwanciya, pmset -g assertions zai rubuta.

Shut down ma ba cikakkiyar kashewa ba ce tun Windows 8. Tsarin Fast Startup na adana zuciyar Windows da direbobinta a faifai don ta tashi da wuri, saboda haka direban da ya rikice jiya a rikice zai tashi yau. Restart ne ke wanke komai.

Ga mai shiga mota da laftof a jaka, Hibernate ya fi. Ku rubuta powercfg /h on, ku shiga Power Options ku sa rufe murfi a kan batir ya zama Hibernate. Tashinta zai ɗan ƙara daƙiƙoƙi, kuma za ta ware fili a faifai, wajen kashi 40 cikin 100 na girman ram, wato gigabait 3 da ɗoriya ga mai ram 8. Bayan kun rufe, ku jira fitila ta mutu fanka ta yi shiru kafin ku zuge jakar.