Wa ke gyara mai gyaran faifan kwamfuta?

Idan aka ɗauke wuta kwamfuta tana tsakar adana fayil, rajistar da ke nuna mazaunin kowane bayani a faifai tana iya hargitsewa. A kwamfutocin Linux da yawa, manhajar e2fsck ce ke bin faifan daki-daki ta daidaita rajistar, guntayen da suka rasa suna kuwa ta tara su a jakar lost+found.

Sai dai ita ma mai gyaran tana yin kuskure, kuma nata ya fi muni: garin gyaran gira sai ta rasa ido, ta goge lafiyayyen fayil. Shi ya sa Theodore Ts'o, wanda ke kula da ita tun shekarun 1990, yake ajiye tarin kwafin faifan da aka lalata da gangan. Duk sauyin da aka yi wa manhajar sai an gwada shi a kansu, kuma sau da yawa sabuwar matsala takan zama sabon gwaji a tarin. Aiki ne marar armashi, amma da shi ake riƙe amanar bayanan jama'a.

Mai karatu, kada ka saki e2fsck a kan faifan da kwamfuta ke aiki da shi. Sauke shi daga aiki tukuna.